Yadda Na Koya wa Siddiƙ Sauri da Nawa

Cikin shekarun da na yi ina aikin gashin ƙashi, akwai wata ranar Lahadi da har yau ba ta fita daga raina ba. Ita nake so in ba ku labarinta, ku da kuka fara aiki da mu bana, domin kuskuren da na yi a ranar irin wanda tsofaffin ma'aikata ke yi ne, kuma kuna kan hanyar zama tsofaffi.

Lokacin ina wani ƙaramin asibitin kuɗi a unguwar Alsahafa ta Khartum, shekarun kafin yaƙi ya watsa mu. Sashenmu ɗaki biyu ne da baranda. Ga wanda bai san tsarin ba, mai ciwo yakan fara ganin likitan ƙashi, shi ne zai rubuto masa takarda zuwa wurinmu. Shugabar sashe, Dakta Ihlas, ita ke tsara magani, ita ke sa hannu a kowane kati. Ni ne babban ma'aikaci a ƙarƙashinta: in karɓi sabon mara lafiya, in yi masa tambayoyin farko, in gwada motsin gaɓa, in rubuta abin da na gani, sannan in gudanar da gashi da motsa jiki yadda aka tsara. Na girme ta da wajen shekara ashirin. Wannan bai taɓa hana ta gyara mini rubutu da jan biro ba.

Wajen ƙarfe goma na safe aka turo mini wani siririn mutum, ɗan shekara talatin da 'yan kai, yana riƙe da hannun damansa a ƙirji kamar wanda ya ɗauko ƙwai. Takardar likita ta ce ciwon wuyan hannu ne, hoto bai nuna karaya ba. Muka fara da Larabci kamar yadda ake yi da kowa. Ya ce sunansa Siddiƙ, a unguwar Umbadda ta Umdurman yake. Da na tambayi sunan kakansa don cika kati ya ce Ɗanjuma, sai na ajiye biro na yi masa sannu da zuwa da Hausa. Ashe iyayensa ma daga gonakin Jazira suka taso, kamar nawa. Daga nan ya daina ce mini Ustaz Harun, ya koma Kawu. Hausarsa irin ta 'yan yanzu ce, ya fara magana da tamu ya ƙarasa da ta Larabawa.

Na sa ya lanƙwasa babban yatsa cikin tafin hannu, ya dunƙule sauran a kai, ya karkatar da hannun ƙasa. Wannan shi ne gwajin da muke yi wa jijiyoyin da ke ɗaga babban yatsa. Bai kai rabi ba ya ɗago daga kujera. Jijiyoyin sun kumbura, naman bayan sangalin hannun ya yi tauri kamar igiya. Da na duba na hagu, wanda bai yi ƙararsa ba, sai ya yarda cewa ƙaramin yatsa da na kusa da shi sukan sage masa.

Sana'arsa gyaran waya ce a Kasuwar Libiya da ke Umdurman. To, na ga masu gyaran waya da yawa, kuma wuya da ido ne ke kawo su. Ban taɓa ganin wanda sana'ar ta yi wa baƙin kanta a gindin tafin hannu ba, irin wanda na gani a nasa. Na ce ya faɗa mini me kuma yake yi da hannun. Ya kalli ƙofa, ya kalli fanka, ya ce yana ɗan taɓa wasa. Na ce ƙwallon hannu? Ya ce a'a. Karta? A'a. Wasan kwamfuta ne, na yaƙi da dabara. Na tambaye shi awa nawa a rana, ya ce kamar biyu. Ku riƙe wannan: awannin da mara lafiya ke faɗa kamar cokulan sukarin da mai ciwon suga ke faɗa ne. Da muka ci gaba da ciniki sai biyu ta zama shida, ban da Juma'a da yake farawa daga saukowa masallaci.

Daga nan bakinsa ya buɗe. Shekara tara yana wannan wasa. Nan da mako shida za a yi gasa a Khartum, wanda ya ci za a kai shi Alƙahira ya kara da 'yan wasu ƙasashe. Ya lura yaran da suka taso yanzu sun fi shi saurin hannu, shi ya sa ya ninka atisaye wata biyu da suka wuce, sai hannun ya ƙi. Ya ce ba maganin ciwo kawai yake nema ba, so yake in ƙara masa sauri.

Na yi dariya, ba kuma a ɓoye ba. Na tambaye shi ko yana da iyali, ya ce mata da 'ya'ya mata biyu.

"Siddiƙ," na ce, "mai 'ya'ya biyu da rumfa a kasuwa, ka bar wasan yara hannunka ya warke. Maganin ke nan, ba na karɓar kuɗinsa ma."

Bai yi gardama ba. Ya dai tambaye ni ko gaskiya ne akwai allurar da ke kashe ciwo na yini guda, domin wani a kasuwa ya ce zai iya yi masa. Na ce ya rabu da maganar 'yan kasuwa. Na ɗaura masa maɗaurin da ke hana babban yatsa motsi, na rubuta masa ranar Talata, ya yi godiya ya fita.

Al'adarmu ita ce da la'asar Dakta ta bi katunan yini ɗaya bayan ɗaya. Da ta zo kan na Siddiƙ ta daɗe tana kallon inda na rubuta "a daina wasa". Ta tambaye ni ko telan da ya zo watan jiya da irin wannan ciwo na ce masa ya daina ɗinki. Na ce ɗinki ai abinci ne. Ta ce ba ta ga layin da aka tanada a kati don ra'ayina kan abin da ya dace mutum ya so ba.

"Ustaz Harun, mutumin nan ba wasan zai bari ba. Mu zai bari. Ka ji da kunnenka ya tambayi allura."

Ta bayyana abin da na riga na sani amma ban tsaya na yi tunaninsa ba: idan ya kashe ciwon ya yi yini guda yana buga waɗannan jijiyoyin, zai iya rasa aikin hannun na watanni, wataƙila har a kai ga tiyata. Kuma hannun da yake wasa da shi, da shi yake riƙe ƙarfen dalma a rumfa. Na ce zai dawo Talata. Talata ta zo bai zo ba, Alhamis ma haka, wayarsa tana ta ƙara ba a ɗauka. Ƙa'ida ita ce wanda ya tsallake zama biyu a rufe katinsa. Dakta ba ta rufe ba. Ta ɗora shi a kan teburina, ta tafi gida.

Ran Asabar, ranar hutuna, na shiga hafla, bas ɗin haya, na haye gada zuwa Umdurman. Neman mai gyaran waya guda a Kasuwar Libiya aiki ne na wanda ba shi da abin yi. Na bi layuka uku, kowa na nuna mini gaba. Sai wata mai shayi ta ce ko Janar nake nufi. Na ce wataƙila. Ta nuna mini wata 'yar rumfa tsakanin mai sayar da caja da mai sayar da rigunan waya.

Na same shi yana fama da hantsaki, yana ƙoƙarin ɗaukar wani abu da bai kai ƙwayar riɗi ba, hannun yana rawa. Maɗaurin da na ba shi yana rataye a ƙusa, an ma rataya wayoyin caja a jikinsa. Na so in ba shi haƙuri, amma bakina bai saba ba, sai na ce caja na zo saya. Ya ce Alsahafa cajar ta ƙare ke nan. Ya aika a kawo shayi. Muna sha ya faɗa mini ya riga ya yi magana da mai allurar, sun tsayar da safiyar gasa. Na ce kafin nan ya kai ni in ga wasan da idona, domin ban taɓa yi wa abin da ban gani ba magani.

Bayan azahar ya rufe rumfa muka hau raksha, keke mai ƙafa uku, zuwa Umbadda. Wurin wani dogon ɗaki ne a bayan gidan abokinsa Mu'awiya, wanda ke kula da ɗakin: kwamfuta goma a jere, fanka biyu, janareta a tsakar gida don ranar da wuta ta ɗauke. Na zaci yara zan tarar. Sai na ga malamin makaranta da gemu, da direban raksha, da wasu da suka kusa furfura. Mu'awiya, mutum ne mai jiki da son dariya, shi ya yi mini bayanin wasan. Kowane ɗan wasa ana ba shi fili da 'yan ma'aikata. Zai tura su sare itace da haƙar zinariya, ya gina gari, ya tara runduna, ya aika 'yan leƙen asiri, ya kare gidansa, ya kai wa abokin karawa hari, duk a lokaci guda. Hannun hagu yana kan kibod yana ba da umarni, na dama yana jan maus, ɗan abin nan da ake nuni da shi a allo. Wasan da kansa yana ƙirga sau nawa mutum ya danna abu a minti ɗaya, kuma da wannan lambar suke yi wa juna alfahari.

Na ja kujera na zauna a gefen Siddiƙ. Ban kalli allo ba, shi na kalla. Kujerar roba ce, gajera, teburin kuma dogo, don haka kafaɗunsa suna wajen kunnuwansa. Wuyan hannun dama yana kwance a kan kaifin tebur, can ne kantan nan ya fito. Gwiwar hannun hagu tana danne a gefen katako, daidai inda jijiyar ƙaramin yatsa take wucewa. Ya shaƙe maus kamar zai gudu. Maɓallin da ya fi amfani da shi yana can nesa, sai ya miƙe ƙaramin yatsa kamar mai neman abu a ƙarƙashin gado. Numfashi ma sai ya tuna. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne tun farkon wasa, lokacin da babu abin yi sai jiran ma'aikata su kawo itace, yatsunsa suna ta ruwan dannawa. Na tambaye shi wa yake umarta. Ya ce babu kowa, ɗumama hannu yake yi, kuma lambar tana hawa. Na ce cikin dannawa goma, nawa ne ke aikata wani abu? Mu'awiya ya amsa daga bayansa ya ce huɗu, in an yi masa adalci.

Sai suka ce ba zan tafi ba sai na gwada. Na zauna karawa da Mu'awiya. Ba zan ɓoye muku ba, ma'aikatana sun yini a tsaye suna kallon juna, sojojina na tura su bakin kogi na manta da su, kafin in gano inda gidana yake ya ƙone. Lambata ta fito goma sha ɗaya. Malamin makarantar ya ce kyanwar gidan ta taɓa bi ta kan kibod ta fi haka. Amma da na tashi sai na ji muƙamuƙina ya gaji, kafaɗata ta hau sama, tafin hannuna ya jiƙe, a cikin kwata ɗaya na awa. Washegari na shiga aiki ina juya jiki gaba ɗaya in an kira ni. Dakta ta tambayi abin da ya samu wuyana, na faɗa mata gaskiya. Ta juya baya tana gyara labule na ɗan lokaci, sannan ta ce mu zauna mu tsara wa Janar magani.

Ga abin da muka tsara. Kwana goma na farko babu wasa ko kaɗan: maɗauri a hannu, ƙanƙara a tsumma sau uku a rana, gashi a wurinmu, a rumfa kuma aikin da ba ya bukatar matsi. Don kada zaman ya haukata shi, na ba shi aikin kallon tsofaffin wasanninsa da kwamfuta ta adana, ya riƙa lura da dannawar da ba ta haifar da komai ba. Mu'awiya ya sa wa kujerarsa matashi biyu har gwiwar hannu ta yi daidai da tebur, ya sa masa bulo a ƙarƙashin ƙafa, ya naɗe tawul a kaifin katako. Muka matso da maɓallan da ya fi bukata ƙarƙashin yatsu uku na tsakiya. Na koya masa jan maus da sangalin hannu gaba ɗaya maimakon karya wuyan hannu, da riƙo mai sauƙi, wanda in na zo na fizge zai fita. Na ba shi robar ɗaure kuɗi ya riƙa buɗe yatsu a cikinta, na ce ya cika kwano da ɗanyar shinkafa ya riƙa cusa hannu yana buɗewa yana rufewa. Kwanon farko matarsa ta dafa shi da miyar wake kafin ya yi mata bayani.

Duk wannan ya karɓa. Inda muka yi rigima shi ne atisaye. Da kwana goman suka cika na ce zai koma, amma minti ashirin da biyar sai ya tashi ya taka, ya saki hannu, kuma kafin ya fara ya jiƙa hannu a ruwan ɗumi. Sannan ba wasa cikakke zai yi ba. Zai ɗauki jerin umarnin farkon wasa kawai, ya yi shi da rabin saurinsa, sau goma ba kuskure ko ɗaya. In ya yi kuskure ya koma farko. In goman sun fita tsaf, washegari ya ƙara sauri kaɗan. Da zarar ya ji zafi ya tsaya, ko da yana tsakiyar cin gari. Ya ce ya zo neman sauri na ba shi nawa.

Na ba shi labarin mahaifiyata a gonar auduga. Ina yaro ina bin ta, ina ganin samari suna wawurar auduga hannu kamar fiffike, ita kuwa kamar ba ta so. Amma ba ta taɓa kai hannu sau biyu wuri ɗaya ba, yatsunta a sake suke, kuma kafin rana ta take buhunta ya cika, su suna zaune suna matsa wuyan hannu. Ya saurara da ladabi har na gama.

"Kawu," ya ce, "auduga ba ta kawo hari."

Duk da haka ya bi, kuma mako na uku ya sha wuya. Da aka ba shi damar wasa ɗaya cikakke a rana, sai kowa ya riƙa cin sa. Lambarsa ta faɗi kusan rabi. Mu'awiya, wanda shekara biyu bai taɓa cin sa ba, ya ci shi kwana uku a jere, ya saya wa ɗakin duka shayi. Suka sauke shi daga Janar suka naɗa shi Kunkuru.

Ran Lahadin da ta biyo baya ya shigo da hannu a ƙirji kamar ranar farko. Ya ce tukunyar gas ya ɗauka. Na ce Allah ya sawwaƙe, tukunyar da ake ɗauka tun daga saukowa Juma'a har magariba lalle tana da nauyi. Mu'awiya ya riga ya kira ni, domin shi ma ya tsorata da ya ga abin ya wuce wasa. Na kai shi wurin Dakta, tun da canjin magani ba hurumina ba ne.

Ta duba hannun, ta zauna ta fuskance shi. Ta ce ba ta da ikon hana shi shiga gasa, ba kuma za ta yi kamar tana da shi ba. Amma za ta sake gwada jijiyar a ƙarshen mako na biyar, in har da zafi, tana so ya janye da kansa, kuma tana so ya yi mata alkawarin haka yanzu, da alkawarin rabuwa da mai allura.  Siddiƙ ya ce jiya Asabar hannun ya yi rawa, ƙarfen dalma ya zame ya ƙona cikin wayar wata mata, wayar da hotunan mijinta marigayi suke ciki. Ya samu ya ceto hotunan da ƙyar. Ya ce tun da ya fara sana'a bai taɓa jin tsoron hannunsa ba sai jiya. Ranar ban tsokane shi ba. Ya yi alkawarin, muka koma baya da kwana biyar na hutu, muka sake farawa.

Wannan karon ya bi tsarin kamar mai bin liman. Mu'awiya ya zama ɗan sandana, yana kashe masa allo in minti ashirin da biyar sun cika. A mako na biyar sai wani abu ya fara faruwa wanda ni kaina ban yi tsammanin zai zo da wuri haka ba. Lambar ba ta koma inda take a da ba, amma cin wasa ya dawo. Jerin farkon nan da ya maimaita ya zauna masa a yatsu har ba ya tunaninsa, idonsa ya samu sarari yana kallon abin da abokin karawa ke ƙullawa. Mu'awiya ya ce da can Siddiƙ yana zuwa da hayaniya ka ji shi tun daga nesa, yanzu kuwa sai dai ka ga garinka yana ci da wuta. Sunan Kunkuru dai bai fita ba.

Ran Alhamis ta ƙarshen makon Dakta ta yi gwajin da kanta. Ya dunƙule, ya karkatar, har ƙarshe. Ta kalli fuskarsa, ba hannun ba, don ta san maƙaryacin tukunyar gas ne. Ya ce yana jin ɗan ja, babu zafi. Sagewar hagu ta tafi tun da ya daina danne gwiwa. Ta sa hannu a kati, da sharaɗin tsakanin kowane wasa biyu zai tashi ya saki jiki.

Gasar ran Asabar aka yi, a wani zaure a Khartum, daga safe zuwa la'asar. Ba aikina ba ne in je, amma na je, ɗauke da fulas na ruwan ɗumi da tawul da matashin kujera biyu. Yaran wurin suka ɗauka ni mahaifinsa ne, wani ma ya tambaye ni ko ruwan na tofi ne. Tsarin shi ne wanda aka ci ya fita. Siddiƙ ya ci na farko, ya zo ya tsoma hannu a kwano yana kallon ƙasa don kunya. Ya ci na biyu da na uku. Kafin na huɗu na ga wani daga cikin yaran da suka yi masa dariya yana yarfe hannu yana cije leɓe, ya zo ya tambaya ko akwai sauran ruwa. Na zuba masa.

Siddiƙ ya kai wasan ƙarshe, shi da wani ɗalibin jami'a. Sun fi rabin awa suna fafatawa. Ni ban gane komai a allon ba, kafaɗunsa nake kallo, kuma suna ƙasa har ƙarshe. Sai zauren ya ɗauki sowa, Mu'awiya ya dafe kai. An ci Siddiƙ. Yaron ya yaudare shi da ƙaramin hari ta gabas, Siddiƙ ya kwashe rundunarsa can, babbar rundunar yaron ta shigo ta yamma.

Ya fito ransa a ɓace. Ya tsaya a gabana yana yi mini bayanin inda ya kamata ya ajiye 'yan baka, da yadda ya ga alamar tun farko ya ƙi yarda da ita, yana zana taswira a iska da hannu biyu, yana sara, yana nuni, ni da ban san gabas da yamman wasan ba. Na bar shi ya gama. Sannan na ce, hannun fa?

Ya tsaya. Ya ɗaga shi ya juya gaba da baya, ya motsa babban yatsa.

"Wallahi Kawu na manta da shi."

Alƙahira dai ba a je ba. Washegari ya buɗe rumfarsa ya yi aiki yini guda, bayan mako biyu muka rufe katinsa yadda ake rufe kati, da sa hannun Dakta. Labarinsa na ƙarshe da na samu, yana garin Kosti da iyalinsa, yana gyaran waya a ƙarƙashin wata inuwa, wasa kuwa sai ranar da aka samu wuta.

Abin da na koya a aikin nan daga wannan mutum bai da yawa, amma ya canja yadda nake karɓar kowa. Ɗaki biyu da gado da fitilar gashi ba sa nuna maka inda ciwo ya samo asali. Yana can inda mutum yake zama, a tsayin kujerarsa da yadda yake riƙe kayan aikinsa, kuma wani lokaci sai ka taka ka je. Gaɓa ba ta koyon sauri da duka, sai da maimaici mai tsabta da hutu, wannan kuwa haka yake ga mai ɗinki da mai buga takardu da mai yaƙi a allo. Mutane kuma ba don a raba su da zafi kawai suke zuwa wurinmu ba. Akwai abin da zafin ya ƙwace musu, shi suke so a mayar, ko da a idonmu abin bai kai a hau hafla dominsa ba. Har yau ban ga daɗin wasan nan ba, kuma na daina ganin dole ne in gani. Hannu aka kawo mini, da mai shi a jikinsa.